Baffana da Ƙafafun Samarin Gammo

Baffa ya rasu ranar Talata da hantsi, ana tsakiyar cirar gyaɗa. Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Ƙanin mahaifina ne, kuma tun ina ƙarami da mahaifina ya kwanta dama shi ne uban da na sani. Na ɗauka mutum goma sha wani abu ne za mu tsaya masa salla, don a irin wannan lokaci ko uwar mutum ce ta kira shi daga gona sai ya ce bari ya kai ƙarshen kunya. Sai ga sahu har bakin rijiya. Mutanen Gammo sun bar gyaɗarsu a rana sun zo. Daga Masanawa da Unguwar Tudu ma an zo a kan kekuna.

Kwana uku na yi a zaure ina karɓar gaisuwa, ina kallon bakunan mutane.

"Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan tsohon soja."

Tsohon soja! Shekara talatin da ɗoriya ba bakin da ya taɓa kiransa haka a garin nan. Arba'in suke ce masa, wato sojan kwana arba'in, don iyakar kwanakin da ya yi ke nan a barikin horo kafin a sallamo shi. Matasa su jefa masa sunan daga bayan danga, manya su yi kamar za su tsawatar suna dariya cikin hannun riga. Yanzu da ƙasa ta rufe masa ido, kowa ya zo da igiyar da zai ɗaura masa a kafaɗa. Wani dattijo har rantsuwa ya yi wai ya tuna lokacin da Baffa ya dawo daga yaƙi a ƙetaren teku. Baffa ko a mafarki bai ga teku ba, kuma dattijon ya sani.

Wanda muryarsa ta fi ta kowa tashi shi ne Kawu, yayan mahaifiyata, mai sikelin awon gyaɗa a Kabo. Ya shigo da babbar riga tana ƙamshin adaka, yana goge idon da babu komai a cikinsa, yana cewa an yi rashin namiji. Shi ya raɗa wa Baffa sunan Arba'in. Ba ji na yi a wurin wani ba, da bakinsa ya sha yin tinƙaho da hakan a gaban sikeli. Na amsa masa gaisuwa don kawuna ne. Amma a nan zaune na ƙudura zan rubuta wane ne Baffa, kafin waɗannan bakuna su gama yi masa sabuwar riga da ba tasa ba.

Labarin barikinsa sau ɗaya ya taɓa ba ni, kuma ba da daɗin rai ba. Zamanin Turawa aka ɗauke shi. Dogo ne ƙaƙƙarfa, ya tashi a bayan shanu, ƙafarsa ba ta taɓa shiga rufaffen takalmi ba. Rana ɗaya aka zura ta cikin but mai ƙusoshi, aka sa shi dukan marmara da dunduniya tun asuba, gudu da safe, fareti da rana, gudu da yamma da jaka a baya. A mako na uku gefen ƙwaurinsa na ciki ya fara zafi. Da farko in jiki ya ɗumama sai ciwon ya lafa, daga baya ko a kwance yake yana nan. Ya faɗa wa sajensu. Saje ya ce ragwanta ce irin ta masu shan nono, ya ƙara masa duwatsu a jaka. Ranar da ƙafar ta ƙi ɗaukarsa aka kai shi wurin likita, likita ya ce ƙashin ya tsage. Aka ba shi takarda da sanda.

"To da ka dawo me ya sa ba ka faɗa wa mutane ba?" na tambaye shi.

"Waɗanne mutane?" in ji shi. "Waɗannan? Da ƙafar ta guntule da sun gane. Abin da ba ya jini ba ya shiga kansu."

Da damina yana noman gyaɗarsa kamar kowa. Da rani yana zama a gindin wata tsamiya a kasuwar Kabo, yana yanka tsofaffin tayoyin mota yana yin takalma. A can ya koyi abin da ya koya, don shekara da shekaru yana zaune a ƙasa, ƙafafun duniya suna wucewa daidai idonsa. Ba ya gane mutum da fuska sosai. Sai ya ce, "Wannan ba ɗan gidan mai gwamen nan na Masanawa ba ne?" kuma shi ne.

Bakinsa ba daɗi, kada wani ya ce na ɓoye. Ya raina mutane kamar yadda suka raina shi, har da ƙari. Attajiri zai wuce yana taƙama, Baffa ko kai ba zai ɗaga ba zai ce, "Dubi tafiya, kamar yana kashe kunama da dunduniya." Wani malami ya taɓa kawo masa takalmi gyara, ya juya shi ya ga gefen ciki duk ya cinye, na waje kuwa sabo fil. Ya ce, "Malam, takalmin lafiyarsa lau. Mai shi ne a karkace." Malamin bai sake zuwa ba. Masu ɗaukar soja kuwa ba abin da ya fi ba shi haushi kamar su. "Su auna tsawo, su auna ƙirji, su leƙa haƙori kamar masu sayen jaki. Mai sayen jaki ma ya fi su, shi yana ɗaga kofato."

Shi ga yadda yake nasa awon. Zai sa ka tsoma ƙafa a ƙwaryar ruwa ka taka busasshen daɓen zaure. In sawun ya fito da kwarmi a tsakiya, ya gyaɗa kai. In ya fito a cike, shafe kamar an aza faifai, sai ya yi tsaki. Ya karɓi tsohon takalminka ya duba inda ya cinye. Ya matsa sharaɓarka ya ji ko tsoka ce ko fata. Ya sa ka tsaya da ƙafa ɗaya ka yi ta ɗaga dunduniya har ka gaza, yana kallon ko idon sawun yana faɗawa ciki. Sannan ya bi gefen ƙwaurin da babban yatsa daga sama zuwa ƙasa, yana kallon fuskarka, ba ƙafar ba. Tambayoyinsa uku ne: yaushe rabonka da gudu, ka taɓa targaɗe, kana shan taba.

Shekarar da labari ya zo cewa masu ɗaukar soja za su zo Gwarzo, ina aiki wurin Kawu. Aikina ɗinke bakin buhu da basilla, a zaune tun safe har la'asar, ƙuli-ƙuli a aljihu, fura da nono da rana, in an tashi in hau keke zuwa Gammo. Na yi jiki har wuyana ya yi layi biyu. Kawu ya ce irin wannan ƙirji asara ne a bar shi a bakin buhu. Abin da yake so shi ne ɗan ƙanwarsa ya tsaya masa da kaki a gaban sikeli ranar kasuwa, manoma su rage yi masa gardama. Ni kuwa a lokacin na ɗauka ƙaunata yake.

Ba ni kaɗai ba ne mai sha'awar. Akwai taubashina, ɗan Goggo, ƙanwar su mahaifina da Baffa. Shi kaɗai ne namiji a wurinta, mijinta ya rasu, shi ke noma mata gona yana kiwon 'yan shanunsu. Siriri ne, mai kunya, ba ya musu da kowa. Muka je wurin Baffa tare neman albarka, ya ce a kawo ƙwarya.

Ya gama da ni, ya gama da taubashina. Sannan ya juyo wurina.

"Kai, abu uku ne a kanka. Ƙafarka irin tamu ce, shafaffiya, gado ne wannan. Ka ɗora mata buhu guda na kitse, wannan kuma aikinka ne da na kawunka. Na uku, shekara biyu ko kaza ba ka kora ba. Ka bar wannan ɗauka ta wuce. Ka ba ni rani ɗaya da damina ɗaya."

Ya dubi taubashina. "Kai kuma sharaɓarka kamar ta zalɓe, ƙafar dama tana faɗawa ciki. Amma ba ka da nauyi, kuma ka saba tafiya. Taka mai sauƙin gyara ce. Kai ma ka jira."

Taubashina ya ce, "To, Kawu," don shi kawunsa ne. Ni kuwa na miƙe ina karkaɗe wando. Abin da na faɗa har yau in na tuna sai in ji kamar in tofa wa kaina yawu.

Na ce, "Baffa, don kai ka yi arba'in ba shi ne kowa zai yi arba'in ba."

Mutumin da ya ciyar da ni tun ina tatata. Bai zage ni ba, shi da yake zagin attajirai a fuskarsu. Ya ɗauki ƙwaryar ya watsar da ruwan a waje, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

A Gwarzo aka auna tsawona, aka auna ƙirjina, aka leƙa bakina, aka ce madalla. Ba wanda ya dubi ƙasa da gwiwa. A bariki komai ya zo yadda Baffa ya ba ni labari, har abin ya riƙa ba ni tsoro, kamar ina bin sawunsa a laka. But ɗin, marmarar, gudun safe. A mako na huɗu zafin ya fara, ƙafa biyu, daga ɗan sama da idon sawu ya bi gefen ƙashi. Na ɓoye. Na riƙa ɗaure wurin da tsumma a cikin safa. Da sajenmu ya ga ina ɗingishi ya ce ƙiba ce take fita, ya ƙara mini zagaye biyu na fili. Ranar da na kasa tsallake wani ɗan rami da ko akuya mai ciki za ta tsallake, aka ɗauke ni. Ƙashin ƙafar hagu ya tsage. Kwana hamsin da biyu na yi. Ku ji irin wautata: a cikin motar dawowa, ina zaune a kan buhunan wani, abin da nake rarrashin kaina da shi shi ne na fi Baffa da kwana goma sha biyu.

Motar ta sauke ni a Kabo ranar kasuwa, da la'asar sakaliya, ba inda zan ɓuya. Na dogara sanda na nufi rumfar Kawu, don ita ce kusa. Yana tsaye a bayan sikeli, manoma sun yi layi da jakunansu. Ya dube ni daga sama har ƙasa. Bai ce sannu da zuwa ba. Ya juya wa mutanensa ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, Arba'in ya yi magaji!" Aka kwashe da dariya, har da waɗanda ya gama danne wa awo a ranar.

Ban ga tasowar Baffa daga gindin tsamiya ba, sai ganinsa na yi a gabana da jakinsa. Bai dubi Kawu ba, bai dubi fuskata ba. Ya durƙusa a cikin ƙura a gaban kowa.

"Wacce?"

"Duka biyu, Baffa. Hagu ta fi."

Ya taɓa wurin a hankali, na yi ƙara. Ya ce, "Hau." Ya ja akalar da ƙafarsa tun daga Kabo har Gammo, ya bar tayoyinsa da wuƙarsa a kasuwa. Duk hanyar ina jiran ya ce ai na faɗa maka. Bai faɗa ba a ranar, bai faɗa ba har ya koma ga Allah. Wata biyu ya hana ni taka ƙasa sai da larura. Yana gasa mini wurin da ruwan ɗumi, yana sa matarsa ta dafa mini ƙashin sa da zogale. Da na fara takawa ya yanka mini takalmi, ya liƙa wani ɗan tudun fata daidai inda kwarmin ƙafata ya kamata ya kasance. Irinsa nake sawa har gobe. Soja dai ban sake komawa ba, kuma ban sake ɗinke wa Kawu buhu ba.

Duk wannan lokaci yana aiki a kan taubashina. Tafiya cikin yashin rafi da sassafe, daga baya sassarfa, daga baya gudu kaɗan, kullum a ƙara taku kaɗan, ranar Juma'a a huta. Ɗaga dunduniya a bakin dakali har sharaɓa ta yi rawa. Ya samo masa tsohon but a kasuwar Gwarzo, ya ce ya riƙa sawa daga hantsi zuwa azahar kawai, sai bayan wata guda ya taka marmara da shi. Gari ya samu abin kallo. Ana zama a bakin masallaci ana cewa Arba'in ya buɗe bariki a rafi, dakarunsa mutum ɗaya da jaki.

Da ɗauka ta zagayo taubashina ya tafi. Ya gama horo ko ciwon kai bai yi ba. Ya aiko da wasiƙa cewa a cikin waɗanda suka shiga tare an sallami da dama saboda ƙwauri, shi kuwa saje har gaba yake sa shi a gudu. Da aka karanta wa Baffa wasiƙar ya ce, "Saje jaki ne," amma na ga ya ninke ta ya sa a hula.

Daga nan sai ga masu dariyar bakin masallaci suna zuwa ɗaya bayan ɗaya da 'ya'yansu, ta bayan gida, kada maƙwabci ya gani. A zaure su ce masa Malam, in sun koma majalisa su ce Arba'in. Ya sani sarai. Yana duba 'ya'yan, yana yi wa iyayen wanka da baki. Wasu ya gyara su suka tafi, wasu ya ce ko shekara goma za a yi ba za su yi ba, a sama musu garma.

Sai aka shiga yaƙin basasa. A damina ta biyu saƙo ya zo ta Gwarzo cewa taubashina ya rasu a fagen daga, an binne shi can.

Bayan sadakar bakwai, da safe, ina zaure tare da Baffa, Goggo ta shigo ba sallama. Ba ta zauna ba.

"Yaya, na zo in gode maka," in ji ta. "Ka gyara masa ƙafa. Ka gyara ta da kyau, ta kai shi har inda aka kashe shi."

Baffa ya ce, "Ki zauna."

"Ba zan zauna ba. Wa ya roƙe ka? Da ka bar masa ƙafarsa yadda Allah ya yi ta, da an koro mini shi da sanda kamar wannan." Ta nuna ni ba ta ko dube ni ba. "Ga wanda ya zage ka nan yana cin tuwo. Nawa da ya ce maka to, yana ina? An yi maka dariya, kana son ka nuna wa gari ka san wani abu. To ka nuna musu. Da ɗana ka nuna musu."

Na jira Baffa ya ba ta amsa, don ban taɓa ganin wanda ya ci shi da magana ba. Ya zura wa daɓe ido har ta fita.

Daga ranar bai sake duba ƙafar kowa ba. In an kawo masa yaro sai ya ce, "Ban san ƙafa ba. Taya nake yanka." Zagin ma ya ragu, ko a kasuwa ba a cika jin bakinsa ba.

Da damina ta sake faɗuwa, ba tare da ya yi shawara da kowa ba, ya ɗauki garma ya tafi gonar Goggo ya yi huɗa. Ya shuka gyaɗa da irinsa, ya yi noma, ya yi maimai, ya cire, ya tsinke, ya kai mata buhunan ƙofar gida ya jingine ya tafi. Ba ta ce sannu ba, ba ta ce bari ba. In sun haɗu a hanya sai ta kauce. Damina huɗu ana haka, tasa gonar kuwa sai abin da na iya yi masa. Mutanen gari, da yake ba sa iya ganin alheri su bar shi a alherinsa, suka ce harawar yake so saboda jakinsa. Na taɓa ce masa ya bari in karɓe shi, ƙafarsa ta tsufa. Ya ce, "Kai da wace ƙafar?"

A gonar Goggo ya faɗi ranar Talatar nan. Masu wucewa suka gan shi a kwance tsakanin kunya biyu, da dunƙulen gyaɗa a hannunsa.

Rana ta huɗu da sassafe na ɗauki fartanya na tafi, don rabin gonar ba a cire ba, kuma gyaɗa ba ta jira. Na tarar da Goggo a can ita kaɗai, ta ɗaure ƙugu da gyale, tana ja da hannu. Na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Muka yi aiki har rana ta ɗaga. Can ta miƙe tana dafe da baya.

"Ya bar wata magana?"

"Bai bari ba, Goggo."

"A kaina fa?"

"Ko sau ɗaya bai taɓa ambatonki da komai ba."

Ta kakkaɓe ƙasa daga saiwar da ke hannunta.

"Bana na ce in ya kawo buhunan zan fito in ba shi ruwa," in ji ta. "Tun bara na so yi." Ta goge fuska da bakin gyale, ta nuna mini da haɓa. "Ga inda Yaya ya tsaya can. Ka kama daga nan."

Na kama daga nan.

Allah ya yafe wa Baffa kaifin harshensa, ya karɓi aikin hannunsa, ya yalwata masa makwanci. Ya jiƙan ɗan Goggo a inda yake kwance, can inda ba mu sani ba. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.